Zauren Iyaye: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Ɗakin Kwamfuta?

  Muna fatan yara sun koma makaranta lafiya, kuma ɗawainiyar littattafai da tufafi da kuɗin rajista ta zo wa kowa da sauƙi. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka kashe.

Maganar da muke tafe da ita a wannan karo ta samo asali ne daga wani taron iyayen yara da muka halarta a farkon shekarar karatun nan, a wani lise na garinmu inda ɗiyar yayanmu take karatu, mu kuma muka je a madadinsa. Bayan an gama batun tebura da ruwan sha da makarar ɗalibai, sai shugaban makarantar ya ce akwai wani ɗaki da yake son iyaye su gani da idonsu. Aka aika a kawo mabuɗi. An ɗauki kusan rabin sa'a ana cigiya kafin a gano wanda yake riƙe da shi. Da aka buɗe, sai ga kwamfutoci 20 irin na tebur a jere, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, ƙurar hunturu uku ta kwanta a kansu.

Wata ƙungiya ce ta ba da su kyauta. An yi biki, an ɗauki hotuna, baƙi sun tafi. Daga nan wutar lantarki ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, malamin da ya iya sarrafa su aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ji tsoron kada wata ta lalace a hannunsa a ce ya biya. Sai aka kulle. Darasin kwamfuta kuwa ba a daina shi ba. Malami yana zana madannai da linzami a allo da alli, yara su kwafa a littafi, su haddace, a yi musu jarrabawa su ci. Abin da shugaban ya roƙa shi ne kowane uba ya ba da jika biyu a shekara, a sayi farantan hasken rana da batura, a kuma riƙa ba malami ɗan abin hasafi saboda ƙarin sa'o'in da zai yi.

Wani dattijo ya miƙe ya ce: "Malam, a gafarce ni. Wayar da ke aljihun yaran nan ma ta ishe mu masifa. Ba sa barci, ba sa karatu, ba sa jin kira. Yanzu kuma da kuɗinmu za mu ƙaro musu wata?" Mutane da yawa suka gyaɗa kai, don kowa ya san abin da ke gidansa.

Sai wata Hajiya daga sashen mata ta nemi izini ta ce: "Alhaji, ka yi mini haƙuri in sa baki. Ɗiyata ta ci BAC bara, da sakamako mai kyau. Da za ta nemi gurbin karatu aka ce a intanet ake cikawa. Shekara bakwai ta yi tsakanin kwaleji da lise, amma ba ta iya ba. Na raka ta shagon intanet, wani yaro da ko BEPC ba shi da ita ya cika mata, muka biya shi. Shi ya buɗe mata akwatin imel, shi ya zaɓa mata kalmar sirri. Har yau duk saƙon da aka aiko mata sai ta je wurinsa ya duba. Takardar haihuwarta da hotonta da lambar wayarta duk suna hannunsa. Ni abin da ke hana ni barci ke nan."

Zauren ya yi tsit. Mu dai a namu ganin, Alhaji da Hajiya ciwo ɗaya suke kuka da shi. Ƴaƴanmu sun riga sun shiga wannan kogi, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa: su shiga da wanda zai koya musu iyo, ko su shiga su kaɗai.

Shafa waya daban, iya aiki daban

Akwai wani ruɗi da ya kama yawancinmu iyaye. Idan muka ga yaro yana shafa fuskar waya da sauri, yana gyara mana WhatsApp in ya rikice, sai mu ce ai yaran zamani da wannan ilimi aka haife su. Alhali kamfanonin da ke ƙera waɗannan manhajoji sun zuba dukiya mai yawa ne domin amfani da su ya zama ba ya bukatar koyo, yadda ɗan shekara huɗu ma zai iya. Wanda ya saba shiga mota a tasha bai zama direba ba, balle bakanike. A zaunar da wannan yaro gaban kwamfuta a ce ya rubuta takardar neman aiki shafi ɗaya, ya adana ta inda zai same ta gobe, ya haɗa ta da hoton takardar shaidarsa ya aika, sai a ga gumi yana keto masa.

Da yake a makarantar allo aka fara ɗora mana karatu, mun san abu guda tun muna ƙanana: kowane almajiri da allonsa. Ba a taɓa koyon rubutu ta hanyar hangen allon malam daga nesa ba. Sai yaro ya kama alƙalami, ya tsoma a tawada, ya ɓata, ya wanke, ya sake. Aikin kwamfuta ma aikin hannu ne irin wannan. Wanda ya haddace sunayen madannai bai taɓa su ba, kamar wanda ya haddace sunayen kayan saƙa ne bai taɓa zama a bakin masaƙa ba.

Me ya kamata a koya musu?

Mun ga abubuwa huɗu da ya kamata duk ɗalibin da ya fita lise ya fita da su.

Na farko shi ne aikin hannu na yau da kullum. Ya iya bugun rubutu da yatsunsa duka ba tare da neman kowane harafi ba. Ya san yadda ake sa wa fayil suna, a adana shi, a kwafe shi wani wuri don gudun ɓata. Ya iya tsara wasiƙa, ya iya buɗe akwatin imel da kansa, ya iya jadawalin lissafi wanda zai tara masa kuɗin shiga da na fita. Duk ofis da asibiti da babban shago abin da suke tambaya ke nan. A nan kuma muna da wata bukata tamu ta musamman. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasarmu suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, madannan da ke makarantunmu irin na Faransa ne, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kansu. Amma haruffan nan suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin duniya ke aiki da shi, kuma ana iya ɗora madannan Hausa a kwamfuta ko a waya kyauta. Darasi ɗaya ya isa a nuna wa yara wannan. In ba a nuna musu ba, za su ci gaba da rubuta baki suna nufin baƙi, su rubuta kafa suna nufin ƙafa, har harshen ya saba da gurguntaka a rubuce.

Na biyu shi ne tantance labari, kuma a wurinmu ya fi na farko nauyi. Masu dangi a Najeriya daga cikinmu ba za su manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin da ake fama da cutar Ebola a Legas. Cikin dare ɗaya wani saƙo ya bazu ta wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa yana kare mutum daga cutar. Kafin gari ya waye ana ta bugo wa ƴan uwa ana tashinsu daga barci. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma aka kwantar da su asibiti. Abin lura shi ne babu wanda maƙiyinsa ya turo masa saƙon. Uwa ce ta kira ɗanta, wa ya kira ƙane. Ƙarya a wannan zamani a kan ƙauna take hawa ta yi tafiya. Barnar ta yi yawa a ƙasashe da dama har kamfanin WhatsApp da kansa, a 2019, ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta yaɗawa zuwa wuri ɗaya tak, wato wanda ke ɗauke da alamar kibiya biyu.

Abin da malami zai yi a nan ba ya ma bukatar na'ura mai tsada. Ya kawo saƙo ɗaya daga cikin waɗanda ke yawo a garin a makon nan, ya sa ɗalibai su yi masa tambayoyi: wa ya fara faɗa? Yaushe? Hoton nan a ina aka ɗauke shi, kuma a wace shekara? Wace kafa ce sananniya ta faɗi haka ban da wannan? Wa zai ci riba idan na yarda? Ya nuna musu yadda ake sa hoto a manhajar bincike ta nuna inda ya taɓa fitowa, don sau da yawa hoton ambaliyar wata ƙasa ne na shekarun baya ake cewa na jiya ne a garin maƙwabta. Tun daga ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka fito, aikin ya ƙara wuya, domin ƙirƙirarriyar basira tana iya haɗa hoton abin da bai faru ba, ta kwaikwayi muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu shi kansa ganin sai an bincike shi. Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne a gidajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san ba a karɓar magana sai an san wanda ya kawo ta, da wanda ya ji daga bakinsa, da ko sun taɓa haɗuwa, da ko an san shi da riƙe magana yadda take. Wannan tarbiyya ce ake so a ɗora a kan waya.

Na uku shi ne tsare sirri da mutunci. Yaro ya san kalmar sirri kamar mabuɗin ɗaki take, ba a ba aboki, ba a ba mai shago. Ya san duk wanda ya kira ya ce an ci kyauta, a turo lambar da ta shigo waya, ɓarawo ne. Yarinya ta san hoton da ya bar wayarta ya bar hannunta har abada, ko da wanda ta tura wa ya rantse zai goge. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. To abin da aka sa a intanet ya fi bunu wuyar mayarwa. Sannan su san akwai doka. Ƙasarmu ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 a ranar 3 ga Yulin 2019. An sassauta ta a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta waɗannan hanyoyi. Ɗan shekara 18 da ya tura abin da bai bincika ba yana iya kwana a hannun hukuma. Zalunci ne mu miƙa masa wayar ba mu gaya masa wannan ba.

Na huɗu shi ne ya zama mai ƙirƙira, kada ya tsaya a kallo kawai. Tushen aikin kwamfuta shi ne tsara aiki mataki bayan mataki, abin da ake kira algoritim. Kalmar ta fito ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. Ana iya fara koyar da wannan ba tare da na'ura ba. Ga misali: an jera sunaye 1,000 bisa tsarin haruffa, ana neman suna ɗaya. Mai bi ɗaya bayan ɗaya yana iya duba ɗaruruwa. Wanda ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan na gaba ne ko na baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, ba zai wuce dubawa 10 ba. Yaron da ya gane dalilin haka ya fara tunani irin na masu tsara manhaja. Daga nan sai a kai shi ga Scratch, manhajar da cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin koya wa yara, kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma tana aiki ba tare da intanet ba.

Haka nan a ba su aikin da ya shafi garinsu. Wasu su riƙa zuwa kasuwa kowane mako su rubuto farashin tiyar hatsi da ta wake, tun daga kaka har faɗuwar damina, su zuba a jadawali, su fitar da zane, su kawo wa iyaye su gani. Wasu su ɗauki muryar tsofaffin unguwa suna ba da tarihin kafuwarta, su tace, su rubuta. Wasu su fitar da ƴar jaridar makaranta. Ɗalibin da ya taɓa yanke murya ya haɗa ta da wata da hannunsa, ya san yadda ake sauya ma'anar magana da almakashi, kuma ba za a ruɗe shi da sauƙi ba.

Na'ura ba ta maye gurbin malami

Alhajin nan da ya yi magana yana da masu goyon bayansa har a manyan wurare, kuma ya kamata a faɗi haka. A 2005 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna One Laptop per Child, da nufin ba kowane yaro a ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfuta tasa. Ƙasar Peru ta sayi sama da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkarar ƙasar: yara sun iya sarrafa na'urar, amma ba a ga sun ƙaru a lissafi ko a harshe ba. An raba kaya, ba a shirya malamai yadda ya kamata ba. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da kwaleji tun 2018. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 a kan fasaha a cikin ilimi ya nuna kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta riga ta taƙaita waya a makarantu, ya kuma yi gargaɗin kada a shigar da na'ura aji sai inda aka tabbatar tana taimakon karatu.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, waya a aljihun ɗalibi lokacin darasin lissafi fitina ce, kuma daidai ne a hana. Kwamfuta a ɗakin da aka keɓe, da malami a tsaye, da aikin da aka ba yaro ya gama kafin a tashi, wannan karatu ne. Saboda haka idan kuɗi kaɗan ne, a fara da malami. A tura shi horo, a biya shi sa'o'insa, a kuma cire masa tsoron biyan abin da ya lalace a bakin aiki. Kayan da ake amfani da su dole wata rana su lalace. Waɗanda aka kulle ma lalacewa suke yi, ga ƙura, ga zafi, ga tsufa, sai dai su babu wanda ya ƙaru da su.

Lissafin ƙarancin kaya

Mai gyara da aka kira ya ce 10 daga cikin kwamfutocin nan 20 ne suka tashi. Mu yi lissafi tare. Aji mai ɗalibai 60, kwamfuta 10, sa'a ɗaya a mako: mutum 6 a kan kowace, wato minti 10 ga kowane ɗalibi. A mako 30 na karatu, sa'a 5 ke nan a shekara, in ma an yi adalci wajen rabo. Idan aka kasa ajin gida uku, kowane kashi da sa'arsa, mutum biyu a kan na'ura ɗaya, kowa zai samu minti 30 a mako, sa'a 15 a shekara. Ba a ƙara na'ura ko ɗaya ba, amma rabon yaro ya ninka sau uku. Abin da aka ƙara shi ne sa'o'in malami, daga ɗaya zuwa uku. Wannan shi ne inda kuɗin iyaye ya fi amfani. Sannan a ɗauki dabarar makarantar allo, inda manyan ɗalibai ke biya wa ƙanana karatu: ƴan ajin ƙarshe da suka ƙware su riƙa taimakon ƴan ajin farko.

Batun wuta kuma, duk mun ɗanɗana abin da ya faru daga watan Agustan 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024 da aka mayar. Makaranta ba za ta jingina darasinta ga abin da ba shi da tabbas ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin kimanin wat 50. Guda 10 na tsawon sa'a 5 za su ci kimanin 2,500 a yini. Faranti ɗaya mai wat 300, a irin ranar da Allah ya hore mana, yana ba da sama da 1,000 a yini, don haka faranti uku da batir mai kyau sun wadatar. Irin na tebur tsofaffi suna cin kusan ninki uku na wannan, kuma ya kamata makarantu su san haka kafin su karɓi kyauta. Amfani da rana kuwa ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana na ƙasa, ya rasu a 1991 yana kiran a ci moriyar wannan arziki.

Kuɗin mega ma ba dole ba ne a farko. Manhajar LibreOffice ta rubutu da jadawali kyauta ce. Da manhajar Kiwix ana iya zuba kundin Wikipedia na Faransanci, har da na Hausa, a cikin na'ura ɗaya yara su yi bincike ba tare da intanet ba. Wannan ya rage kuɗi, ya kuma rage wani ɓangare na fargabar Alhaji.

Mun san wani zai ce: ana maganar kwamfuta a ƙasar da dubban azuzuwa na zana ne? Ba mu manta da gobarar Yamai ta Afrilun 2021 ba, ko ta Maraɗi ta Nuwambar shekarar, wadda ta ci yara fiye da 20. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Gina azuzuwa shi ne gaba da komai, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin gini a sayi na'ura ba. Muna magana ne a kan kayan da suka riga suka zo suna kwance a kulle, da kuma yaran da suka yi ƙoƙari suka kai lise, waɗanda nan da ƴan shekaru su ne malamai da ma'aikatan jinya da akawun ƙasar. In sun fita hannu rabbana, su wa za su koya wa na bayansu?

Kada a bar ƴan mata a baya

Duk inda aka ajiye na'ura ɗaya gaban yara shida, a lura da wanda hannunsa ke kan madannai. Galibi namiji ne, mata suna tsaye a baya suna leƙe. Idan kuma aka sa darasin bayan magariba, an kori mata ke nan ba tare da an faɗa ba, don babu uban da zai bari, kuma yana da gaskiya. A sa darasin da rana ko safiyar Asabar. A haɗa mace da mace a na'ura ɗaya. In da hali a samu malama. Labarin Hajiyar nan ya ishe mu hujja: yarinyar da ba ta iya ba, ita ce ke miƙa sirrinta ga wanda ba muharraminta ba, ta kuma biya shi. Wadda ta iya tana cika takardarta a tsakar gidansu.

Namu rabon a gida

Makaranta ba za ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan yaro ya kawo maki mai kyau a darasin kwamfuta, kada mu tsaya ga makin. Mu ce ya nuna mana abin da ya yi da hannunsa. Mu sa shi ya rubuta mana lissafin shago ko na gona. Mu sa doka a gida cewa wayoyi a ɗakin iyaye suke kwana. Kada mu ji kunyar zama kusa da ɗiyarmu ta koya mana abin da ba mu sani ba, domin a wannan zama ne za mu ga inda take shiga, ita kuma ta saba da faɗa mana. Abin da ya fi duka wuya shi ne mu gyara namu halin. Da yawa daga cikin saƙonnin ƙarya da ke yawo, a rukunin iyaye suke yawo, mu ne ke turawa muna cewa a yaɗa don Allah. Yaron da ya ga ubansa ya tsaya ya ce bari mu bincika tukuna, ya koyi abin da malami zai yi wata guda yana koyarwa.

To, yaya taron ya ƙare? An yi ta ja-in-ja har kusan azahar. A ƙarshe aka tsaya a kan jika ɗaya maimakon biyu, marayu kuma aka ɗauke musu. Alhaji ya ce ya yarda bisa sharaɗin kada a jawo intanet ɗakin a shekarar farko, kuma a sa shi cikin masu sa ido. Aka sa shi. Hajiya aka ba ta ajiyar kuɗi. Aka yanke cewa za a yi mabuɗi biyu, ɗaya wurin malamin darasin, a kuma ajiye littafi a bakin ƙofa inda za a riƙa rubuta ranar da aka buɗe da ajin da ya shiga, iyaye su duba a ƙarshen kowane zango. A lokacin da muke wannan rubutu kuɗin da aka tara bai kai rabin na faranta ba, amma an share ɗakin, kuma duk ranar da aka samu wuta ana shiga. Mun kuma ji cewa malamin ya zauna da ɗiyar Hajiya ya nuna mata yadda za ta sauya kalmar sirrinta, ta sauya.

Muna roƙon kowane uba da kowace uwa, idan an kira taro na gaba a makarantar ƴaƴanku, ku je. Ku tambaya ko akwai ɗakin kwamfuta, guda nawa ke aiki, sau nawa aka buɗe shi a zangon da ya wuce, kuma wa ke riƙe da mabuɗin. Wanda ya ga wani abu a garinsu da zai amfani sauran iyaye, ya rubuto mana ta ofishin ƙungiya, za mu kawo shi a wannan zaure in Allah ya so.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare su daga sharrin abin da ke hannunsu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.